Dubu 80 ce a hannuna, yayana ya ce sai miliyan: wace kyamara zan sa a gida?

Wani ɗan'uwa ya turo mana wannan saƙon: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Abuja, iyalina suna Kano a wata sabuwar unguwa can bayan gari, sai duk sati biyu nake zuwa. Cikin wata biyu sau biyu ana haura mana katanga, na farko aka ɗauke tukunyar gas da injin jan ruwa, na biyu aka tafi da tunkiya da keken yara. Ina so in sa kyamara. Dubu 80 ce a hannuna yanzu, in na jira wata uku zan kwashi adashi dubu 350, yayana kuma ya ce in ba miliyan zan kashe ba kar ma in fara, asarar kuɗi ce. Ga maiɗakina tunda na yi maganar ta canza fuska, wai ita nake so in sa wa ido. Wuta a unguwarmu in ta daɗe awa 5 a rana. Dan Allah ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba, kuma mu gode masa da abin ya tsaya kan tunkiya da tukunya, ba a taɓa kowa ba.

Toh ka ga maganar da ka ajiye a ƙarshe kamar ba komai ba, wato wutar nan ta awa 5, ita ce uwar maganar gaba ɗaya. Yawancin mutane in za su sayi kyamara abin da suke tambaya shi ne guda nawa, wane kamfani, tana gani da nisa ko ba ta gani, babu mai tambayar me za ta ci da ƙarfe biyun dare lokacin da unguwa ta yi tsit ba wuta ba ƙarar janareta. Shi kuwa ɓarawo ai ba da la'asar yake zuwa ba. Na sha shiga gidaje in ga kyamarori shida takwas jere a katanga abin sha'awa, in ka ce a nuna maka abin da ya faru daren jiya sai a fara kame-kame, ashe duk lokacin da aka ɗauke wuta su ma barci suke yi tare da mutanen gidan. Saboda haka ko dubu 80 ce ko miliyan, lissafinka ya fara daga wuta, sai wurin da hoton zai zauna, sannan a zo kan ita kyamarar.

Abu na biyu, kar ka ɗora mata abin da ba aikinta ba. Kyamara ba ta kama ɓarawo, ba ta riƙe masa ƙafa, shaida ce kawai, sai kuma ɗan tsoratarwa ga ƙananan ɓarayi irin waɗanda nake zaton su ne naka. Wanda zai ɗauki keken yara da tunkiya ba ƙwararren ɗan fashi ba ne, mai neman sauƙi ne, kuma da alama ya san maigidan ba ya nan. Irin wannan in ya ɗora hannu a katanga fitila ta haske shi fal sau da yawa nan take yake canza shawara. Don haka fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi, wadda kuɗinta bai kai rabin na kyamara ba, tana cikin abin da za ka fara saya.

Mu fara da dubu 80 ɗin. Farashin kayan nan dala yake bi, abin da aka gaya maka yau ba lallai ka same shi haka wata mai zuwa ba, amma dai a wannan kuɗin maganar kyamara ɗaya ake yi, ɗaya tal, duk wanda ya ce zai ba ka huɗu da kuɗin aiki a ciki to tarkace zai haɗa maka, araha ba ta ado. A kasuwa za a nuna maka iri uku. Akwai wadda take kamar ƙwan fitila, a murɗa ta a mazaunin ƙwai, yawanci da manhajar V380 take aiki. Wannan ka bar musu kayansu, wutar gida take ci kai tsaye, ana ɗaukewa ta mutu. Akwai masu waifai irin su Tapo na kamfanin TP-Link, da EZVIZ wanda reshen Hikvision ne, da Imou wanda ya fito daga Dahua, kayan kirki ne gwargwadon kuɗinsu, hotonsu fes, manhajarsu ba ta da wahala, sai dai suna buƙatar wuta ba yankewa da kuma rawuta mai data, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ita ma rawutar sai da wuta, ka ga kafin ka ankara ƙarin kayan sun cinye kuɗin. Na ukun shi ne ya dace da halin da kake ciki: kyamara mai farantin solarta da batirinta a jiki, wadda ake sa mata layin waya mai 4G. Ba ruwanta da wutar nepa, ba ruwanta da rawuta, kana zaune a Abuja za ta turo maka sanarwa a waya.

Amma bari in faɗa maka aibinta tun yanzu kar ka zo kana cewa Malam bai faɗa ba. Yawancin irinta ba ta ɗaukar hoto dare da rana, don ta tattala batir barci take yi, sai na'urar jin ɗumin jiki da ke gabanta ta ji mutum ya gifta sannan ta farka ta fara ɗauka, kuma tsakanin farkawar da fara ɗaukar akan samu ɗan jinkiri, wani lokaci sai dai ka ga ƙeyar mutum yana fita. Maganinsa shi ne a kafa ta inda mutum zai yi tafiya mai ɗan tsawo a gabanta, kamar lungun da ke tsakanin katanga da gini, kar a sa ta inda taku biyu ya wuce. Sannan lambobin da ake rubutawa a kwalin marasa suna, wai 4K, wai batir kaza, kar ka yarda da kwali, ka ce a kunna maka a shagon, ka sa layinka, ka fita waje ka kalla a wayarka. Layin ma ka zaɓi wanda ya fi ƙarfi a gidan, in MTN ne in Airtel ne in Glo ne, maiɗakinka ta fi ka sanin wannan tunda ita ke zaune. Ka kuma riƙe ranar da data za ta ƙare, don layin da ke saman katanga shi ne aka fi mantawa da shi.

Katin mimori kuwa nan ne ake cutar mutane ba su sani ba. Jabu sun yi yawa, a rubuta giga 128 alhali abin da ke ciki bai kai 8 ba, kyamara ta yi ta nuna tana ɗauka, ranar da ka nema ka tarar wayam. Ka sayi na kamfani sananne kamar SanDisk ko Samsung a shagon da zai ba ka rasit, in ka samu wanda aka yi don ɗauka ba tsayawa ya fi, kuma bayan kwana uku ka koma baya ka duba ko hoton ranar farko yana nan. Wata matsalar ita ce katin a jikin kyamarar yake, in ɓarawo ya ɓalle ta ya tafi da shaidar a aljihu. Shi ya sa za ka kunna sanarwar da ke zuwa waya, wasu kuma suna da rumbun ajiya a intanet da ake biya duk wata.

Yanzu kuɗin adashi. A nan ne ake shiga tsarin gaske, wato rikoda wadda 'yan kasuwa ke kira DVR, da kyamarori masu kebul, da faifan ajiya a cikin rikodar. Hikvision da Dahua su ne suka cika kasuwa, duka biyun kamfanonin China ne da ke birnin Hangzhou, akwai kuma HiLook wanda shi ma na Hikvision ne amma mai sauƙin kuɗi. Amfanin sayen waɗannan shi ne duk inda ka shiga, Sabon Gari a Kano ko Banex a nan Abuja inda kake, za ka samu kayan gyaransu da wanda ya san su. Wannan tsarin yana ɗauka dare da rana ba barci, kuma ko babu intanet sam yana aikinsa, intanet don kallo daga nesa ne kawai. Mutane da yawa ba su san haka ba.

Kuskuren da ake yi a wannan matakin shi ne a ƙarar da kuɗin kaf a kyamarori huɗu, batir kuma a ce sai nan gaba, nan gaban da ba ta zuwa. Zo mu yi lissafi. Kyamara ɗaya tana cin wajen wat 5, da dare in ƙananan fitilunta na gani a duhu sun kama ne ta fi ci, huɗu wat 20 kenan. Rikoda da faifanta ka ce wat 15, rawuta kuma ƙasa da 10, jimla wajen wat 45. Ba yawa, bai kai fankar sama ɗaya ba, amma fa awa 24 ne kullum, in ka ninka wat 45 sau awa 24 abin ya haura wat-awa 1,000 a rana. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 100 a takarda wat-awa 1,200 yake ɗauka, amma in kana so ya yi ƙarko rabi kawai za ka ringa sha, 600 kenan, wanda zai riƙe kayan nan kamar awa 13. Kai kuma awa 19 kake yi ba wuta. Ka ga batir shi kaɗai bai fitar da kai ba, kuma wutar awa 5 mai zuwa lokacin da ta ga dama ba abin dogaro ba ce wajen cika shi, dole sai da farantin sola, mai wat 300 zai wadatar a hasken ranar Kano, da rana ya riƙe kayan yana cajin batir, da dare batir ya karɓa. Daɗin abin shi ne su kyamarorin da ƙananan rikodojin nan da ma bolt 12 suke ci, don haka injiniyan da ya san aikinsa zai iya haɗa su da batir ba sai an sayi inbata ba, sai dai ya sa abin daidaita wuta a tsakani, saboda batir in yana caji yakan haura bolt 14. Kuma batirin nan na kyamara ne, a faɗa wa yara, ba na cajin waya da kallon ƙwallo ba.

To in kuɗin bai kai ga duka ba me za a rage? Kyamara za a rage. Ka sayi rikoda mai kafa huɗu, wato mai ɗaukar kyamara huɗu, ka sa biyu yanzu da batir da faranti, sauran kafa biyun su jira albashi. Biyu masu ido a buɗe duk dare sun fi huɗu masu bin nepa barci.

Faifan ajiya shi ma da lissafinsa. Kyamara mai 2MP, wato 1080p, lambar da ke nuna tsaftar hotonta kenan, in tana ɗauka ba tsayawa a matsakaicin saiti tana cin giga 20 da ɗoriya a rana, huɗu sun kusa giga 90, faifai mai tera 1, wato giga 1,000, zai riƙe maka kamar kwana 11 kafin ya fara goge na baya. Kai kuma sati biyu kake yi kafin ka zo, ka ga da saura. Ko dai ka sayi tera 2, ko ka tabbatar an rubuta H.265 a kwalin rikodar, wannan tsarin matse hoto ne da ke rage cin wuri kusan rabi, ko a saita wasu kyamarorin su ɗauka sai in sun ga motsi. Faifan kuma ka nemi irin wanda aka yi don wannan aikin, WD Purple ko Seagate SkyHawk, sabo a ledarsa, don akwai masu cusa tsohon faifan da aka ciro daga kwamfutar gwanjo su caje ka kuɗin sabo, wata shida ya fara ƙara ya tsaya. Kebul ma ka duba, akwai na jan ƙarfe zalla akwai wanda sanholo ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ka ɗan kankare bakin wayar, in ka ga fari a ciki ka san abin da ake nufi. A saka shi cikin bututu saboda rana da ɓeraye da kuma almakashin ɓarawo.

Maganar yayanka ta miliyan, Allah ya ƙara masa buɗi, yana da rabin gaskiya. Da kuɗi irin wannan ana sayen tsarin da ake kira NVR, inda kebul ɗaya irin na intanet yake kai wuta ya dawo da hoto har tsawon mita 100, kyamarori masu 4MP zuwa sama, masu nuna kala ko da dare irin ColorVu na Hikvision, masu iya bambanta mutum da mota daga sauran motsi, ga batirin litiyam da ake iya shan mafi yawansa ba rabi ba, ga abin kariya daga tsawa saboda damina. Duk wannan gaskiya ne ya fi. A cikinsu abin da ni na fi ganin darajarsa shi ne bambanta mutum ɗin nan, saboda kyamarar da ba ta da shi ƙadangare ya wuce ta turo sanarwa, mage ta wuce ta turo, iska ta kaɗa darbejiya ta turo, cikin kwana uku za ka gaji ka kashe sanarwar gaba ɗaya, ranar da mutum ya hauro kana ta minshari a Abuja. Alhamdu lillahi yanzu har ƙananan kyamarori da yawa suna da shi, ka tambaya kafin ka biya. Amma cewa in ba miliyan ba kar a fara, a'a, ban yarda ba. Gidanka ba banki ba ne, kuma wanda aka haura wa katanga sau biyu ba ya zaman jiran miliyan.

Inda za a kafa ta kuwa, wallahi wannan ya fi sunan kamfani muhimmanci, kuma ba ya cin ko kwabo. Ni kaina na taɓa yin wautar nan, lokacin da na fara sa tawa na ce wa yaron da ke haɗa min ya kai ta can ƙarshen gini don kar a sace, aka yi kuwa, hoto ya fito tsaf har bakin titi, ranar da aka zare min madubin mota muka zauna kallo, abin da muka gani hula ce kawai da kafaɗu, hular kuma irin wadda rabin matasan gari ke sawa. Gani daban, gane fuska daban. A ƙa'idar masu wannan sana'a, kafin a ce an shaida fuskar baƙo ana son ɗigon hoto 250 a kowace mita, kyamara mai 2MP kuma ɗigo 1,920 gare ta a faɗi, in ka raba za ka ga faɗin wurin da take kallo bai kamata ya kai mita 8 ba. Da irin idon nan mai faɗi da aka fi sayarwa, mai lamba 2.8mm, wannan yana nufin mutum ya matso kamar mita 3 zuwa 4. Wanda ya fi haka nisa za ka ga mutum ne, za ka ga kalar riga, amma ba za ka iya rantsuwa a kan ko wane ne ba. Don haka kyamarar ƙofa ta zauna tsakanin mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa, ta kalli inda dole mutum ya bi, in lungu ne dogo a sa mai lamba 4mm ko 6mm wadda ke jawo nesa kusa. Kar ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye rana ta kashe mata ido, kar a manna ta jikin farin bango haskenta na dare ya dawo mata. Ta waje a duba an rubuta IP66 ko IP67, shi ne alamar tana jure ƙura da ruwan sama. Da hunturu a ringa goge gilashin da ƙyalle mai laushi, yanar gizo-gizo ma a share, don da dare zare ɗaya a gaban ido sai ya rufe komai.

Ka tambayi maiɗakinka da yara ta ina aka hauro duka sau biyun, akwai alamar ƙafa a bango, akwai kango ko tulin bulo ko yashi a bayan katangar da ake takawa. Sabuwar unguwa ba ta rasa kango. Wurin nan shi ne na farko, ƙofar gida na biyu. Ita kuma rikodar dan Allah kar a ajiye ta a falo ƙarƙashin talabijin kamar dikoda, ɓarawon da ya shigo ya ganta tare zai haɗa, ka yi asarar kaya ka yi asarar shaida. A sama mata wuri a ɓoye mai shan iska.

Sai maganar maiɗakinka, wadda ni a ganina ta fi ta batir wuyar haɗawa. Kar ka ce mata rigima ce. Ka tsaya a inda take tsaye: miji yana garin da ya fi kilomita 400 nisa, ya ce zai kafa ido a gida wanda zai ringa kallo a wayarsa duk lokacin da ya so, ita kuma ba ta san yaushe ake kallonta ba. Ko kai ne aka ce shugabanka a ofis zai sa maka irin wannan a kan teburinka ai sai ka ji wani iri. Kuma ba daga sama ta ɗauko tsoron ba, akwai mazan da abin da suke yi kenan, wa ya shigo, me ya sa ƙanwarki ta daɗe, ina kika aiki yaro, har gida ya koma kamar caji ofis. Allah ya hana mu bin diddigin juna a Suratul Hujurati aya ta 12, kuma bai ce ban da mata da miji ba.

Hanyar da za ka bi mai sauƙi ce in har niyyarka ɓarawo ce. Kyamara ta kalli waje: ƙofar gida, bayan katanga, lungu, wurin ajiye mota da injin ruwa. Tsakar gida inda mata ke zama ba mayafi, da falo, da ɗakuna, da hanyar banɗaki, babu ita babu su. Ranar da za a kafa ku zagaya tare ita ta nuna inda ta yarda, in an gama a buɗe hoton a gabanta ta ga iyakar abin da kowace ke gani. Sannan a sa mata manhajar a wayarta daidai da taka. Wannan ma shi ne hankali, don in an yi motsi da tsakar dare ita ce a gidan, ita ke buƙatar ta san akuya ce ko mutum ba tare da ta buɗe ƙofa ba, kai daga Abuja iyakarka buga waya. Da yawan irin waɗannan suna da makirufo suna ɗaukar magana, ka gaya mata, in ba ta so a kashe. Kai kuma ka riƙe bakinka, ranar da ka fara cewa na ga wance ta shigo ƙarfe kaza, ka tabbatar mata da zarginta, kuma kar ka yi mamaki in ka ga an rataya wa kyamara tsumma. Haka maƙwabta, in gininka ya fi nasu tsawo ka tabbata ba ta leƙa tsakar gidansu, rikodoji da yawa suna da saitin da ake rufe wani ɓangaren hoto da baƙi, a yi amfani da shi, kuma ka kira maƙwabcin ka nuna masa da idonsa. Wataƙila ma ku haɗa kuɗi ku sa ta bakin layi tare.

Wanda zai haɗa maka, ka samo shi ta hannun wanda ya taɓa yi wa aiki, kuma ya zo ranar da kana gari. In ya gama, kafin ya tafi, ka karɓi waya ka canza kalmar sirri da hannunka, ta rikoda da ta manhaja, Hik-Connect ce ko DMSS ko wacce ce, kuma asusun a buɗe shi da lambarka ko imel ɗinka, kar ya ce bari in sa nawa ya fi sauri. In da nasa aka buɗe, gidanka yana aljihunsa, ranar da kuka saɓa ko ya canza gari kuma sai ka yi ta wahalar cire na'urar daga asusunsa. Kalmar sirrin kar ta zama 12345 ko shekarar haihuwarka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu kyamarori da rikodoji, ba da wata dabara ba illa gwada kalmomin sirrin da kamfani ya sa waɗanda masu kayan ba su canza ba. Kallo daga nesa kuma yana shan data, a babban hoto kyamara ɗaya tana iya cin kusan giga 1 a awa, ka ringa kallo a ƙaramin hoto, babban sai in akwai dalili.

In Allah ya sa ka samu fuska, ka kwafe hoton a filashi nan da nan kafin faifai ya goge, ka kai wa 'yan sanda, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintirin layinku. Kar ka yi saurin watsa shi a Facebook ko TikTok ko zauren WhatsApp na unguwa da sunan wani, hoton dare yana ruɗi, kama da wane ba ta wane, in aka far wa ɗan mutane a kan hotonka alhakin yana wuyanka, ga ƙarar ɓata suna. Ka kuma duba agogon rikodar yana daidai, shaidar da kwanan watanta ya nuna wata shekara daban tana ba da wahala.

In ni ne kai ga yadda zan yi. Wannan zuwan da za ka yi, dubu 80 ɗin in raba ta, fitilar sola mai jin motsi ɗaya ko biyu a inda ake haurowa, ragowar in sayi kyamarar sola mai layi guda ɗaya da katin mimori na gaske, in canji ya rage in sa a janye tulin bulon bayan katanga ko a ƙara waya mai ƙaya a wurin. In adashi ya fito sai rikoda mai kafa huɗu da kyamara biyu da batir da faranti, ita kuma ta solar ta koma bayan gida ta zama ta uku, ba a yi asararta ba. Injin ruwan da za ka sake saya a yi masa keji na ƙarfe da kwaɗo. Kafin duk wannan kuma, daren da ka isa, bayan an ci abinci yara sun kwanta, ka zauna da maiɗakinka ka miƙa mata takarda da biro ta zana maka gidan, ta sa alama a inda take so kyamara ta kalla da inda ba ta so.